Ba Raini Ba Ne

Yayana Mahdi tela ne a Bande, kuma wallahi hannunsa na da kyau. Sai dai in ka kai masa yadi, ka tafi ka yi ta haƙuri. Zai yanka wuyan riga, ya ɗora a keke, sai shamuwa ta gifta ta saman rumfa. Shi ke nan, ƙafa ta tsaya, ido ya bi ta har bayan gonakin hatsi. Ko me yake gani a can, oho! In ya dawo, wata rigar daban zai ɗauka.

Tun muna yara haka yake. An ce iska ce, an yi turare, an sha rubutu. Mutanen gari suka saba, suna dariya.

Matarsa Mubaraka ce ba ta dariya. Tana ba shi labarin ciwon uwarta, shi yana kallon hayaƙin murhu yana murmushi. Ta ce mini, "Safiyatu, talauci zan iya, raini ne ba zan iya ba." Ta ɗaure kayanta za ta gida. Hankalina ya tashi, don na san yana son matar nan.

Wanta Usumanu, mai aiki a asibitin Magariya, shi ya ce kafin a raba aure a je Damagaram a ga likita. Muka tafi mu uku, ni da Mahdi da Mubaraka.

Lokotoro ya daɗe yana tambaya: yarintarsa, makarantar lakwal da ya bari, barcinsa, almakashin da yake nema kullum. Ya tambaye mu mu ma. Sannan ya ce ba aljani, ba hauka. Lalura ce sananniya da ake tasowa da ita, hankali ba ya zama wuri ɗaya ko mutum ya so. Ya rubuta magani, ya ce riga ɗaya a kan keke har ta ƙare. Ya ce wa Mubaraka, in za ta yi magana, ta fara taɓa hannunsa.

A taksin dawowa rana na faɗuwa kan gawo da giginya. Mubaraka ta ce wa Mahdi a hankali, "Malam, na fasa tafiya."

Bawan Allah yana can wajen taga, bai ji ba.

Ta zura hannu ta ƙarƙashin mayafi, ta kama yatsunsa, ta jira har ya juyo. Sannan ta sake faɗa.