Gaisuwar da Ta Cinye Maganar Sabi'u

A wannan kakar ƙanena Sabi'u ya cika shekara bakwai a kabari. Duk shekara sai in ɗauki biro zan rubuta wani abu a kansa, in sake ajiyewa. Bana dai na ce ko ba daɗi sai na rubuta, don na gaji da jin ana cewa Allah sarki, mutumin kirki, a wuce. Mutumin kirki ne, ba musu. Amma akwai abin da ya shekara uku yana faɗa ba a saurara ba, kuma ni ne kan gaba a cikin waɗanda suka toshe kunne.

Ga wanda bai san shi ba, Sabi'u mai gyaran rediyo ne a kasuwar Ɗambatta, kuma yana cikin tsirarun mutanen da ke da lasisin magana ta rediyon oba-oba don sha'awa kawai, ba ɗan sanda ba, ba soja ba. Suna da 'yar ƙungiya, yawancinsu matasa 'yan boko daga Ungogo. Sun kafa wata na'ura a kan dogon ƙarfe, mai karɓar muryar ƙaramar rediyon hannu ta sake watsa ta da ƙarfi zuwa ƙauyuka. Manufar, in ji su, duk ranar da ruwa ya ci hanya ko sabis ɗin waya ya ɗauke, a sami hanyar neman agaji. Ni tsohon hedimasta ne, ban san komai a kan waya ba, amma ya matsa min lamba sai da na karɓi nawa lasisin. Ya ajiye min rediyo a zaurenmu da ke ƙauye, arewa da Bagwai, don ya riƙa samun mai amsa masa.

Tsohuwar na'urarsu tana da shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Sai matasan suka kawo sabuwa, ta dijital, aka haɗa ta da intanet. Murya garau, har da mutanen ƙasashen waje suke hira. Sabi'u ya roƙe su a bar biyun tare sai an gwada sabuwar a ko'ina. Suka yi dariya, suka ce Baba ya saba da shuuu, aka sauke tsohuwar a ranar.

Na tuna abin da ya ce min da ya dawo: "Yaya, tsohuwar in za ta mutu sai ta yi nishi, ka ji ka san ka kusa fita daga inda take kaiwa, kuma ko a cikin nishin ana tsintar kalma ɗaya ko biyu. Wannan kuwa tana cikin magana take ɗaukewa ɗif. Mai magana bai sani ba, mai sauraro bai sani ba."

Tunda ba wanda zai gwada, sai ya ɗora wa kansa. Ya hau babur da rediyo da littafi, gona-gona, kwari-kwari, yana kirana ina amsawa yana rubutawa: wuri kaza, lokaci kaza, ta je ko ba ta je ba. Shi ya gano cewa inda murya ke wucewa da rani ba lallai ta wuce da kaka ba, in dawa ta yi tsawo ta rufe mutum. Shi ya gano cewa in hadari ya kwana uku, batirin solar na'urar yana sanyi. Ya kuma gano cewa a cikin kwari ɗan lokaci kaɗan ake samu kafin murya ta yanke. Saboda haka ya kafa doka yana gaya wa kowa: in ka danna maɓallin magana, faɗi inda kake da abin da ya same ka, gaisuwa ta biyo baya.

A nan ni na shigo. Wata rana zaure cike da dattawa, rediyo ta buɗe, na ji: "Ina kwarin Tsamiya, kana ji na?" Ba sallama, ba komai. Dattawa suka dubi juna. Raina ya ɓaci, na danna na ce, "Sabi'u, ni sa'anka ne? Na girme ka da shekara goma sha ɗaya, ka kira ni kamar mai kiran akuya?" Da yamma ya zo ya durƙusa, ya buɗe littafin zai yi min bayani. Ban ko kalla ba. Na ce injin da zai hana ƙarami gaida babba a jefa shi rijiya. Ya ce, "To, Yaya, a yi haƙuri." Daga ranar bai ƙara kirana ba sai ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ni kuwa ina jin daɗi na gyara ƙane.

Ranar da abin ya faru, ana yankan dawa, tsakanin azahar da la'asar. Rediyo ta buɗe, muryarsa garau: "Salamu alaikum, Yaya, barka da rana, ya gida, ya su Hajiya? Yaya, dama..." Sai shiru. Na saba da wannan shirun, na ji shi ya fi a ƙirga. Na danna na amsa gaisuwar daki-daki, har da tambayar gajiya, sannan na ce, "Ba ta zuwa, in ka hau tudu ka sake kira." Na ajiye na tafi masallaci. Bayan salla ma na tsaya hira.

Dab da magariba wani makiyayi ya same shi a kwarin Tsamiya, maciji ya sare shi a ƙafa, baburinsa yana can sama, shi kuwa ya kasa hawowa. A mota ya cika, ba mu kai asibiti ba. Bayan addu'ar bakwai matarsa Hajara ta kawo min littafin. Shafin ƙarshe rubutun ya karkace, amma ya bi tsarinsa kamar kullum, ya sa wuri ya sa lokaci. A ƙasa ya rubuta: "Ina jin Yaya sarai. Yaya ba ya ji na." Wato babbar na'urar tana da ƙarfin kai muryata cikin kwarin, 'yar rediyon hannunsa ce muryarta ba ta iya fitowa. Yana kwance yana saurarena ina tambayarsa gajiya, ina ce masa ya hau tudu.

Malamai sun yi min nasiha cewa kwanansa ne ya ƙare, kuma na yarda, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma na san cewa lokacin da ya kashe yana tambayar lafiyar gidana ya ishe shi ya ce maciji, kwarin Tsamiya. Ya san haka fiye da kowa a duniya, shi ya kafa dokar. Ni na karya ta a bakinsa, don kada dattawa su ce ƙanena ya raina ni.

Da Sabi'u zai dawo yau, ban san wanda zai fara yi wa kallon takaici ba. Ƙungiyar tasu ta bunƙasa, ana sa hotuna a waya ana hira da mutanen nesa ana tafi. Na kai wa shugabansu littafin da hannuna. Ya karɓa da ladabi, ya ɗauki hoton shafi biyu, ya ce za a duba. Bara na ga taswirar da suka zana da kwamfuta ta inda muryarsu ke kaiwa, an shafe yankinmu da kore gaba ɗaya, har da kwarin Tsamiya. Ban yi musu da kowa ba. Na ɗauki rediyon marigayi da sandata na gangara kwarin, na bar matata Hajiya a zaure tana sauraro. Na kira sau goma. Da na dawo ta ce ta ji na ce "Ina", shi ke nan. Har yau ba wanda ya taka ƙafarsa can cikinsu, sai dai in an yi taro a ce a yi wa Baba Sabi'u addu'a, a shafa, a ci gaba da hira.

Abin da ya rage na Sabi'u ba shi da yawa. Rumfarsa ta kasuwa ta zama ta cajin waya. Littafin yana cikin akwatina, kuma duk wanda zai bi wuraren nan da ƙafarsa, ba da kwamfuta ba, ya zo zan ba shi. Sai kuma wata ɗabi'a da ya bar min, wadda ta sa mutanen gari ke cewa hedimasta ya tsufa ya manta ladabi. Duk wanda ya kira ni, ɗana ne ko suruki, da ya fara barka da rana sai in katse shi in ce, faɗi maganar tukuna, ma gaisa. In kuwa ya riga ni ya gaishe ni layin ya yanke, ba na jiran ya sake kira. Takalmi nake sawa.