Goggo da Gwangwanayenta

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Goggo ke buɗe sito, kuma ba ta gaisawa da kowa sai ta tabbatar baƙin labulen taga bai gota ba. Daga nan ta bi kantoci tana shafa sandunan roba, kowace a kwance, a naɗe cikin takarda. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki a shagon da ake ƙera alƙaluma da hannu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye makulli. Shi ya sa na ce bari a jinjina mata tun kunnenta yana ji.

Irin alƙaluman nan da roba mai tauri ake yin su. Ana ɗaura sandar a inji tana juyawa, maƙeri yana feƙe ta har gangar alƙalami da murfinsa su fito. Yabo kuwa duk maƙeri ke kwashewa. Ba mai tambayar wa ya nemo robar, balle wa ya hana rana ta gan ta, alhali in rana ta doke ta sai launinta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa.

Dillalai sun san halinta. Sai ta goga sanda a gefen zane har ta yi ɗumi, ta kai hanci. Robar gaske warin taya take yi. An taɓa kawo mata kwali guda na sanduna masu sheƙi, ta sansana sau ɗaya ta ture.

"Malam, wannan ai robar bokiti ce ta sha kwalliya. Kwashe kayanka."

Tana da wata ɗabi'a da kowa ke mata dariya a kai. Duk alƙalamin da aka ƙera, sai ta naɗe guntun robar da ya rage, ta rubuta siffar mai alƙalamin, ta jefa a gwangwanin madara. Maƙerin shagon ɗan yayanta ne, tana ce masa Gaggawa, kuma sunan bai zalunce shi ba. Yakan ce, "Goggo, shara fa kike wa ajiya." Ita ko kallo bai ishe ta ba.

Bara ta tafi wata guda zaman jegon 'yarta. Gaggawa ya samu sarari, ya sayo akwatin gilashi ya kafa a bakin ƙofa, ya jera sandunan da suka fi kyau don masu wucewa su gani. Har da jar sanda mai ratsin baƙi, ta ƙarshe a shagon, wadda masu yin irinta suka daɗe da rufe masana'anta.

Ana haka wata dattijuwa ta kawo jan alƙalamin marigayi mijinta, ƙirar shagon nan, murfin ya tsage. Ɗansu zai kama aikin likita, uban kuma ya yi masa alkawarin alƙalamin tun yana raye. Gaggawa ya bugi ƙirji ya ce ta dawo ranar Asabar. Da ya ciro jar sandar, sai ya ga gefen da ke kallon titi ya koɗe. Ya yi ta feƙewa yana neman ja, kafin ya kai gare shi sandar ta sirance, ba ta isa a yi murfi da ita ba. Saura kwana biyu, ga alkawarin mamaci a hannunsa.

A haka Goggo ta dawo ta same shi, ya yi tagumi a gaban inji. Ta dubi akwatin gilashin, ta dube shi.

"Goggo, ki yi mini faɗan daga baya. Yanzu dai na shiga uku."

"Faɗan yana nan, ba ya lalacewa. Miƙo alƙalamin."

Ta juya shi a hannu, ta shige sito. Ana ta jin ƙarar gwangwanaye. Can ta fito da ɗan ƙunshi, a jikinsa an rubuta: malamin lissafi mai tabarau. Guntun sandar da aka yi alƙalamin da ita ne, shekara goma sha tara a duhu, jansa kamar jiya aka naɗe shi. Gaggawa ya auna, ya sake aunawa. Ya isa, har da ɗan ragi. Ajiyar zuciyar da ya yi sai da mai shagon kusa ya leƙo.

Ranar Asabar dattijuwar ta yi ta neman bambancin murfi da ganga ba ta samu ba, sai hawaye. Ta fara sa wa Gaggawa albarka, ya nuna mata ƙofar sito ya ce, "Hajiya, can za ki kai ta."

Goggo, ke ce mai tsaron duhu don aikin wasu ya yi haske. Kin sha dariyarmu ba ki fasa ba. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ki hutu da lafiya. Duk mai riƙe da makullin wani sito, komai ƙanƙantarsa, ya riƙe shi yadda kika riƙe naki.

Ɗan ragin nan kuwa, wanda bai kai gaɓar yatsa ba, Gaggawa bai share shi ba. Da hannunsa ya naɗe, ya rubuta "ɗan malamin lissafi, likita", ya tambayi Goggo wane gwangwani zai sa.