Totuwar da Baba Ya Cusa a Injin

Shekarar da aka ɗauke ajinmu na yaƙi da jahilci daga Jiratawa aka mai da shi unguwar Zariya a Maradi, na kusa ajiye fensir. Na fara haɗa baƙaƙe ke nan, ga garka tana jiran ban ruwa kowace safiya, ga tafiyar ba ta ƙafa ba ce. Mushe, malaminmu, ya ce zai riƙe mini gurbina har bayan kaka, in ban dawo ba, sai ya ba wani.

Sai na tuna da tsohon moton Baba a Tsibiri, wani babur mai silinda biyu, wanda ya daɗe jingine a gindin rumbu tun da idonsa ya yi rauni. Na je na roƙa.

"Ɗauki," in ji Baba. "Na adana shi da kyau. Ko zanzaro bai samu ƙofar shiga ba."

Na ɗora shi a amalanke zuwa Sabon Gari, wurin taubashina, ɗan ƙanwar Baba, wanda gyaran moto ne sana'arsa. Yana ganina ya fara dariya.

"Bawana, gawar wa ka kawo? Maƙabarta tana can gaba."

"Gawar kawunka ce, sai ka yi mata ladabi."

Mun yi kwanaki muna wanki da canje-canje. Karbirato ma, mai haɗa wa injin mai da iska, babu, Baba ya ara wa wani tun tuni, sai da muka samo na hannu. Ranar da moton ya tashi, tashin bai yi daɗi ba. Yana ɗingishi kamar jaki mai ƙaya a kofato, in an saki totur sai ya mutu.

Taubashina ya kwance buji biyun da ke ba silindodin wuta, ya kama babban yatsana ya toshe ramin dama da shi, ya taka kik. Iska ta ture yatsan da ƙarfi har na ji zafi. Muka koma ramin hagu. Nan ɗan huci kawai na ji, kamar numfashin mai barci.

"Ka ji bambancin? Ɗaya na aiki, ɗaya na cin tuwon banza. Kamar ni da kai."

Ya daina wasa da ya zo bayani. In zoben fistan ne ya cinye, sai an farke injin gaba ɗaya, kuma kayan irin wannan tsohon ba a samunsu a Maradi. In kuwa sufaf ne, wato murfin da ke buɗewa ya rufe wa iska hanya, aikin yini ne. Na tsaya ina kallon moton, ina tunanin bencina a aji da wani zaune a kai.

Ya ɗebo baƙin mai a murfin gora ya tsiyaya a ramin hagu. Ya ce mai yana like zoben da ya cinye na ɗan lokaci, in iskar ta ƙaru to zoben ne. Na mai da yatsana ina addu'ar kada ta ƙaru. Ya taka, ya sake takawa. Hucin nan dai, bai canza ba.

"Kana da sa'a, bawana. Iskar ta sama take gudu."

Da ya ɗaga kan injin, sai ga wani abu ja-ja a manne a bakin sufaf ɗin hagu, ya ƙone ya hana shi rufuwa. Ya kankaro shi da tsinke, ya murza, ya shinshina. Ni na fara gane shi, don na girma ina ganinsa. Totuwar masara ce. Da ita Baba yake toshe komai, bakin tulu, gorar mai, ramin ɓera. Da aka cire karbirato, ita ya cusa a ramukan don kada zanzaro ya yi gini. Gara ta cinye ta a hankali, garin ya gangara ciki, a gefen da moton ya jingina.

Taubashina ya goge sufaf ɗin, yana murza shi tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, har ya zauna daidai. Da la'asar muka sake gwajin yatsa, ramukan biyu suka ture ni iri ɗaya.

Na hau na nufi Tsibiri kafin gida. Baba ya ji ƙarar tun daga nesa, ya fito yana dogara sanda. Na ba shi labarin totuwa, ya saurara har ƙarshe.

"Zanzaro ya shiga?"

"Bai shiga ba, Baba."

"To, ka gani."

Ranar Litinin na gama ban ruwa da wuri na kama hanyar Maradi. Bututun hagu yana ɗan hayaƙi har yau, taubashina ya ce tsufa ne, ba shi da magani. Na iske bencina babu kowa. Mushe ya dubi baƙin man da ke yatsana, ya miƙo mini alli, ya ce in zo allo in rubuta abin da ya kawo ni. Na rubuta "moto", baƙi huɗu, ban kuskure ko ɗaya ba.