Ɗan Tsaron Ƙofar Maƙogwaro

A gidanmu na Ƙofar Wambai, da an sauke tukunyar tuwo bayan magariba, sai mu kewaye murhun Dada, kakata ta wajen uba. Tsohuwa ce 'yar firit, amma in ta buɗe baki ko akuya ba ta motsi. Ni kowa a gidan "Yaya Ƙarama" yake ce mini, har Baba, don sunan yayarsa da ta rasu tun tana yarinya aka sa mini. Dada kuwa ba ta taɓa kiran sunan ba, saboda alkunyar 'yar fari.

Shekarar da nake aji biyu ciwon wuya ya sa ni a gaba. Ko kunu na haɗiya sai hawaye. Baba ya leƙa bakina da tocila, ya ce beli ne ya sauko, wannan ɗan naman da ke lilo a can ƙarshen ganɗa. Ya aika wa wanzaminmu ya zo da safe da askarsa. Na ji tsoro ƙwarai, wallahi.

Ranar Dada ta yi abin da ba ta saba ba. Ta ce wa Baba, "Malam, ɗauko tabarma ka zauna. Ta yau har da manya."

"Dada, ni da gemuna?"

"Gemun a gabana ya fito. Zauna."

Ta tura itace cikin wuta, ta ce ga ta nan tafe, mai kunne ya tara. Wai akwai wani gida mai zaure ɗaya, hanya biyu. Ta ƙasa tana gangarawa rumbu, wato ciki. Ta sama tana hawa benen Hanci, daga can kuma akwai ɗan lungu zuwa ɗakin Kunne. A tsakiya aka ajiye wani ɗan guntun mai gadi. Da baƙi sun shigo, su tuwo da kunu, sai ya ja labule ya tare hanyar bene, ya nuna musu ta rumbu.

Sai masu gulma suka ce wa maigida, "Wannan ɗan banzan ba ya aikin komai sai lilo, shi ke jawo maka ciwo." Maigida ya sa aka fille shi.

"To, ranar biki," in ji Dada, ta shaƙe murya tana magana ta hanci, "kunu ya shigo ba mai nuna masa hanya, ya haye bene, ya fito ta taga!"

Muka kwashe da dariya har ƙanena ya ƙware. Dada ba ta yi dariya ba. Ta dubi Baba ta ce, "Wani gidan kuma, da aka fille shi, jini ne ya ƙi tsayawa. Daga hantsi har la'asar. Ni na riƙe ƙwaryar."

Baba ya ce, "Ai cewa aka yi zazzaɓi ne ya ɗauke Yaya."

"Kana goye a bayana lokacin. Na ba da ɗaya, Malam. Ba zan ba da mai sunanta ba."

Ko ƙurunƙus ba ta ce ba, ta tashi ta shige ɗaki.

Da safe wanzami ya yi sallama. Dada da kanta ta fita zaure, ta gaishe shi da mutunci, ta ba shi goro, ta ce a yi wa maza aski. Baba kuwa ya ɗora ni a kekensa zuwa asibiti. Aka ce ƙwayoyin cuta ne suka kumbura mini wuya, aka ba ni magani, kafin mako ya zagayo ina cin ƙanzo.

Da na shiga makarantar koyon jinya, malami ya zana mana kan mutum a allo: ga labulen ganɗa da belin a bakinsa yana tare hanyar hanci lokacin haɗiya, ga siririn lungun da ya haɗa bayan hanci da kunne. Na kusa yin guɗa a aji. Tsohuwar da ba ta san bihim a boko ba ta riga shi zana mini da baki, a gaban murhu. Ina alfahari da ita, kuma ba na ɓoyewa.

Yau a sashen kunne, hanci da maƙogwaro nake aiki a nan Bauchi. Har yanzu ana kawo mana yaran da aska ta riga mu taɓawa. In uba ya zo yana cewa gobe zai kai ɗansa a cire beli, ba na yi masa faɗa. Janye takunkumin fuskata nake yi, in wage baki in ce, "Baba, leƙa ka gani. Shekara arba'in ke nan yana gadinsa." Yakan yi dariya, sai in ba shi labarin yarinyar da nake amsa sunanta.