Sai Azumi Ya Bar Yuli

Maigidana bai taɓa taka tsibirin Islande ba, amma in yana labarin duwatsunta masu aman wuta sai ka rantse can aka binne cibiyarsa. A wata masana'anta yake aiki a Saint-Fons, nan Faransa. Hutunsa kullum watan Yuli ne, kuma kullum Damagaram muke kai shi. Wata shekara ya ce wannan karon namu ne, mu biyu, Islande za mu.

Ya shimfiɗa taswira a teburin kicin, ya danne gefenta da gwangwanin tumatir. Hanya guda ce ta zagaye tsibirin, ya yanka ta gida-gida da fensir: tuƙin awa uku a yini, kada ciwon bayansa ya motsa. Mota mai kujerar da ke ɗumi. Tafkin ruwan zafi saboda gwiwata. Har kilishi da filas ɗin shayi ya ba su wuri. Ya matsa mini na koyi mota, sau biyu ina faɗuwa kafin na samu permi, wato lasisin tuƙi.

Yayana da ke La Courneuve, can gefen Paris, shi ne ya ɓata mana lissafi a waya.

"Malam, ka ko duba kalanda? Bana azumi cikin Yuli yake. Can kuwa rana sai ta ga dama take faɗuwa."

Muka ɗaga kalandar da mahauci ya ba mu. Haka ne. Duk tsarin nan, mun manta da wata.

"To ai matafiya ne mu, Malam," na ce. "Sai mu rama."

"Yawon buɗe ido ne uzuri? A'a. Azumi yana ja da baya kowace shekara. Shekara huɗu ya bar mana Yuli. Tsibiri ba ya gudu."

Na yi fushi, na kwana biyu ina ajiye masa tuwo ba magana. Ya naɗe taswirar yana dariya.

Azumi ya cika alkawari, ya bar Yuli. Malam ne bai jira ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi a sanyin shekara ta uku.

Ina kewarsa ƙwarai, musamman in Yuli ya shigo. Mota kuwa na iya ta yanzu, har Paris nake kai kaina. Wani lokaci nakan buɗe taswirar in bi fensirinsa da yatsa. A gefen kudu, inda hanya ta bi bakin teku, ya rubuta da ƙananan baƙi: "Nan ita za ta karɓi tuƙi, ni in sha kallo."