Anti Juya Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, ta riga ta buɗe ɗakin gashin ƙashi, ta shimfiɗa zanin gado, ta naɗe hannun riga. Yara ne suka raɗa mata Anti Juya, don kalmar ba ta barin bakinta: "Juya ciki! Juya waje!" A wannan watan za ta yi ritaya.

Yawancin masu zuwa wurinta samari ne da 'yanmata da aka haifa da ƙasusuwa biyu a manne ƙasan idon sawu. Ba a ganewa sai yaro ya fara tasawa, ƙafa ta ƙage, tafiya ta zama azaba. Likita yakan yanke abin da ya manne su, ya cusa ɗan kitse a tsakani. Daga nan aiki ya dawo hannunta, domin ƙafar da aka bari a kwance sake ƙagewa take yi, wahalar tiyata ta tashi a banza.

Wata yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta kusa yin wannan asara. Mahaifiyarta ta sha kiranta raguwa kafin a gano ciwon, sai nadama ta sa ko ƙuda ba ta bari ya sauka a ƙafar. Da Anti ta kama dunduniyar, yarinya ta ƙwalla ƙara, uwa ta yi wuf ta riƙe mata hannu.

"Haba baiwar Allah, ba ki da tausayi ne?"

"Ina da shi, Mama, a gida nake baro shi. Kawo hannunki nan."

Ta ɗora tafin uwar a kan ƙafar, ta danne da nata. Uwa na kuka, 'ya na kuka, ƙafa kuwa tana juyawa. Masu jinya sun shaida kullum haka aka riƙa yi, har uwar ta koma ita ke tsawa: "Juya mana!"

Ranar da za a sallami yarinyar, Anti ta kai su bayan ɗakin, wurin tsakuwa da kwazazzabo, inda irin wannan ƙafa ba ta iya takawa. Yarinya ta cire takalmi, ta taka a hankali, ta sake takawa, sai kawai ta zura da gudu! Uwar ta zube a ƙasa tana guɗa, mayafi ya yi nasa wuri.

Anti, ke ce kika yarda yara su tsane ki yau don su yi gudu gobe. Sunan likita ake ambata a gida, naki kuwa sai in ana ba da labarin mugunta ana dariya. Wallahi abin yana min ciwo.

Mun gode, Anti, Allah Ya huta gajiya. Ku kuma da za ku gaji ɗakin nan, in yaro ya yi kuka ku share masa hawaye, amma kada ku saki ƙafar.