Zare Ba Ya Hawa Zare

Duk wanda ya san Yaya Haladu a Yalwawa ya san ba ya iya ganin igiya ta hau igiya. Ko gidan suna ya je, sai ya kwance igiyar shanyar mutane ya sake ɗaurawa. "Kowa ya zauna wurinsa," in ji shi, "zare ba ya hawa zare."

Ɗan wan mahaifina ne. Da ya yi ritaya daga koyar da kwamfuta, sai ya ɗauki aikin zana danginmu na Aujara kaf. Ba shi yake jera mu ba. Sunaye kawai yake zubawa, da wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wata manhaja ta ja zare tsakanin sunayen, ta yi sauran. Lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci, sai ya zaunar da ni in riƙa harhaɗa sunayen. Da ya danna, sai su tashi suna yawo kamar ƙore a kan tafki, 'yan'uwa na jan juna, bare na ture bare, har kowa ya lafa. Nakan manta da karatun in yi ta kallo.

Auren zumunci ne ke dagula masa zane. Ranar da Sani, ɗan ƙanwarsa da ke Garki, ya zo da maganar auren 'yar goggonsa, Yaya ya dube shi.

"'Yan matan Garki sun ƙare ne? Ka san zare nawa za ka haye?"

"Kawu, so ne."

"To, son ya zo ya warware."

Ƙarshe kuma Yayan ne ya karɓa masa auren.

Babbar rigimarsa da manhajar kuwa a kan yayansa ce, Alhaji Sale, wanda suka daɗe suna gaba saboda iyakar gona. Kullum sai ta ajiye sunayensu kafaɗa da kafaɗa. Ya ja nasa can gefe, ya saki, sunan ya sulalo a hankali ya koma. Ya sauya wata manhajar mai jera mutane kamar rassan kuka. Nan ma suna tare.

"Yaya, ko ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Uwa ɗaya uba ɗaya, ina za ta kai ni?"

Na ce a goge zaren mana. Ya harare ni. "Da furfurata in yi wa kwamfuta ƙarya?"

Ya yi ta ja har damina ta wuce. Wata Juma'a ya rufe kwamfutar, ya ce in raka shi Aujara. Muka tarar da Alhaji a zaure.

"Me ya kawo ka?"

"An hana ni zama ko'ina ne, Yaya, sai kusa da kai."

Alhaji ya matsa masa a tabarma.

Yanzu ni nake karanta sunayen ba gargada. Nasa yana nan inda ya daina jan sa. Allah Ya jiƙan Yaya Haladu, Ya ajiye shi kusa da waɗanda yake ƙauna.